Hukuncin cire zinare daga matattun wayoyi da asid

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayen matattun wayoyi da allunan kwamfuta a hannun 'yan gwangwan, in jiƙa su a asid, in tace zinaren in sayar. Abokina ya ce wannan ce alkimiyyar da malamai suka haramta. In ci gaba ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, alkimiyyar da irin su Ibnu Taimiyya suka yi wa raddi ita ce a sarrafa tagulla ko dalma a ce ta zama zinare, wato algus. Kai kuwa zinare na gaske kake cirewa, wanda kamfani ya shafa a wuraren haɗin wuta saboda ba ya tsatsa. Asalin sana'arka halal ce, muddin kayan ba na sata ba ne.

Sayen allunan da naira ya halatta, amma kada ka biya da zinare. Muslim ya ruwaito cewa Fadala ɗan Ubaidu ya sayi abin wuya mai zinare da duwatsu a kan dinari 12, wato kuɗin zinare, ranar Haibara, Annabi (SAW) ya ce kada a sayar sai an rarrabe. In ka tace, ka sayar hannu da hannu, ba bashi.

Abin da ya fi damuna shi ne asid ɗin. Haɗin da kuke yi yana tayar da jan hayaki mai ƙona huhu, ruwan da ya rage kuma akwai narkakkiyar dalma a ciki. Na taɓa ganin mai yin wannan a zaure, bokiti a buɗe, yara suna wasa a bakin ƙofa, da ya gama ya juye ruwan a kwata. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje ya sa gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Annabi (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa." Don haka yin wannan aiki cikin gida ko unguwa haramun ne, ko nawa ake samu. In ba ka da wuri nesa da mutane, da kayan kariya, da hanyar kashe kaifin ruwan kafin zubarwa, to ka tara allunan ka sayar wa masu kayan aiki.

Batun zakka kuwa, zinaren ba rikazi ba ne, wato dukiyar da aka tsinta a binne, don haka babu humusi, wato fitar da kashi ɗaya cikin biyar. In ya kai nisabi, wajen giram 85, ya shekara a hannunka, ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Wallahu a'alam.