Tsara ranar biki a Zariya: wane lokaci za a ware wa hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce babba a gidanmu da ke Tudun Wada, kuma ni iyaye suka ɗora wa tsara bikin ƙanwata da za a yi ranar Asabar a tsakiyar watan Disamba. Za a ɗaura aure da ƙarfe 11 na safe a masallacin unguwar kakanninmu a cikin birni, a yi yini a gida, a yi dina a wani ɗakin taro da ke hanyar Samaru, sannan a kai amarya Hanwa da dare. A bikin ƙanina bara mun biya mai hoto kuɗi masu kauri, amma rabin hotunan sun fito da duhu, kuma babu ko ɗaya da aka ɗauka da kakarmu. Yaya zan tsara ranar don kada a maimaita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Matsaloli biyun nan da kika ambata galibi tushensu ɗaya: an bar hoto ya zama abin da za a yi "in an samu sarari". Ranar biki kuwa sarari ba ya samuwa, sai dai a yanka wa abu lokacinsa tun kafin ranar ta zo.

Ki ɗauki takarda ki fara rubuta abubuwan da ba sa ɗaga wa kowa ƙafa, wato lokutan salla da faɗuwar rana. Mai kwalliya za ta iya makara, liman zai iya dakatawa har wakilin ango ya iso, amma waɗannan biyun ba ruwansu da uzurin kowa. A tsakiyar Disamba a nan Zariya rana kan fito wajen 6:40 na safe, ta faɗi wajen 6:10 na yamma. Wanda ya yi bikinsa a Yuli yana da rana har kusan 6:55, don haka kada ki kwafi tsarin bikin da aka yi da damina. Ga kuma hazo. Ranar da ya sauka sosai, tun wajen 5:30 za ki ga rana ta koma kamar jan faifai, ana kallonta ido bai damu ba, kafin ta kai ƙasa ta nitse cikin ƙura. A wurin mai hoto, a irin wannan ranar ta riga ta faɗi tun lokacin. Duhu kuma a nan ba ya jan ƙafa: minti 20 zuwa 25 bayan kiran magariba, shi ke nan.

Hasken da ya fi kowanne kyau a ranar yana tsakanin 4:15 da 5:15 na yamma. A lokacin rana ta yi ƙasa, haskenta na zuwa ta gefe yana shafar fuska, ba ya sa a runtse ido, launin fata ya fito yadda Allah ya yi shi, duwatsun jikin leshi su yi walƙiya ba tare da sun kashe ido ba. A cikin wannan awa nake so ki ware minti 30 zuwa 40 na ango da amarya su kaɗai, da mai hoto, da babbar ƙawa mai gyara mayafi. Ban da 'yan kallo. Amaryar da mutum 20 suka zuba wa ido ba ta ɗago kai, balle ta yi murmushi. Hoton da za a rataye a falo shekara da shekaru a nan yake fitowa, kuma idan wani abu ya cinye wannan lokacin, babu fitilar da za ta biya ki shi da dare.

Daga nan sai ki riƙa lissafi kina komawa baya. Idan 4:15 za a fara, ya kamata amarya ta gama shiri ta yi la'asar da ƙarfe 4. Kwalliyar amarya kan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ɗaurin kai da sa kaya su ci wani rabin awa. Ke nan da 1:30 ya kamata ta kasance a kan kujerar mai kwalliya, ta riga ta yi azahar, ta ci abinci, ta kuma sabunta alwala kafin a taɓa fuskarta don ta samu yin la'asar da ita. Maganar abincin nan kada ki ɗauke ta da wasa. Amare da yawa suna wuni da ruwan shayin safe, kuma yunwa na fitowa a ido ko da wace irin hoda aka shafa. Mai kwalliyar kuma ki gaya mata amarya ce farko. Abin da ya fi lalata tsarin yamma shi ne a bari ƙawaye su riga zama, a ce "ai amarya a ƙarshe ake yi mata don kada ta ɓaci", sai a farga ƙarfe 5 ta yi ana manna gashin ido. Lalle kuwa ba aikin ranar ba ne. Jan lalle sai ya kwana ɗaya ko biyu yake nuna sosai, don haka Alhamis ta fi dacewa da shi.

Akwai gidajen da ba su yarda ango ya tsaya hoto da amarya kafin a kai ta ba. Idan naku haka ne, kada ki ja da iyaye. Ki bar wa amarya da ƙawayenta wannan lokacin, na ma'auratan a mayar da shi washegari bayan la'asar a gidansu. Hasken bai canja ba, kuma sun fi natsuwa.

Yanzu ɗaurin aure. Shi kansa bai cika wuce minti 15 ba: a gabatar da wakili da waliyyi, a ambaci sadaki, a yi siga, a shafa fatiha, sai jama'a su watse, wasu ma suna sauri zuwa wani ɗaurin auren. Mai hoto ya iso aƙalla rabin awa kafin lokaci, ya gaida liman, ya nemi izinin inda zai tsaya. Ni ra'ayina, kada a kunna filasha lokacin siga, kuma kada a tsallaka dattawa don neman kusurwa mai kyau. Hoton da aka samu ta hanyar ɓata wa manya rai bai cancanci wahalarsa ba.

Bayan fatiha ne aikin yake, don rana ta riga ta take. Ango na sanye da farar shadda, abokansa ma haka. Idan aka jera su a tsakiyar rana, kyamara ba ta iya riƙe farin kaya da baƙar fata a lokaci ɗaya: ko rigar ta ƙone fari fat har aikin wuyan ya ɓace, ko fuskokin su yi duhu, ga inuwa ta cika kwarmin ido. Maganinsa inuwa ce mai faɗi. A Disamba rana na karkata kudu, don haka gefen gini da ke kallon arewa yana da inuwa ko da tsakar rana. A masallaci, wannan shi ne ɓangaren hagun mai fuskantar alƙibla. Ki sa babban aboki ya je ya duba wurin tun kafin ranar, ya tabbata ba a nan ake jibge babura ba. A guji kuma tsayawa ƙarƙashin rumfar leda mai launi. Ja ko shuɗin rumfar yana sauka a fuska da farin kaya, kuma wajen gyara ba ya fita duka.

Sai maganar kaka, wadda ita ce ta fi taɓa ni a wasiƙarki. Tsofaffi ba sa zuwa dina, ba sa iya cunkoson tsakar gida, kuma ba za su taɓa cewa "a zo a ɗauke ni" ba. Suna ɗaki a zaune, kowa ya shiga ya gaishe su ya fita, mai hoto kuma yana waje inda ake kiɗa, don bai ma san suna nan ba. Ki sa hoton kaka ya zama na farko a ranar, wajen 9:30 na safe, kafin gida ya cika. Amarya ta sa atamfarta da 'yar kwalliya mara nauyi, ta je har inda kakar take. Kada a taso da ita. A buɗe taga, a ɗage labule, a kashe kwan lantarki, a zaunar da su kusa da tagar yadda haske zai zo musu ta gefe. Amarya ta durƙusa a gabanta, kakar ta kamo hannunta tana duba lallen, tana sa mata albarka. Minti 10 ya isa. Sai a shigo da mahaifiyarku, a samu kaka da 'ya da jika a hoto ɗaya. Idan ango da abokansa suka zo gaisuwar surukai bayan ɗaurin aure, wajen 12:30, a sake shiga da shi a ɗauka.

Sauran hotunan dangi kuma ki rubuta su a takarda, kada su wuce 10 ko 12. Kowanne kan ci minti 3 zuwa 4, don ba danna kyamara ke cin lokaci ba, neman gwaggo da ta shiga madafa ne da jiran kawu ya gama waya. Mai hoto bai san wace ce gwaggo wace ce maƙwabciya ba. Ki ba da takardar ga wata ƙanwa ko 'yar ɗaki da ta san kowa, mai baki, wadda ba ta jin nauyin kiran manya, ta riƙa haɗa rukuni na gaba tun ana ɗaukar na yanzu. A fara da masu shekaru da masu goyo, 'yan anko su zo ƙarshe, su ba sa gajiya.

Za ki lura cewa da safe abubuwa biyu ke gudana a tare, maza a cikin birni, mata a Tudun Wada. Ba a tauna taura biyu. Idan da hali ki ɗauki masu hoto biyu, kuma na cikin gida ta kasance mace. Mata sun fi sakewa a gabanta, tana shiga ɗakin da namiji ba zai shiga ba, kuma ta fi saurin gane wadda ba ta son a ɗauke ta.

Hanya ma a ba ta haƙƙinta. Daga Tudun Wada zuwa wajen Samaru bai kai kilomita 20 ba, amma sai an bi ta Agoro, a ratsa PZ, a wuce Kwangila, ga shi yammacin Asabar a watan da kowa ke biki. Mota ɗaya daban, jerin gwanon motocin biki daban. Ki rubuta awa ɗaya cur, har da lokacin tattaro mutane su shiga mota. Idan aka gama hoton ma'aurata da ƙarfe 5 a gida, a tashi 5:10, a isa daidai magariba, a yi salla a natse, a gyara fuska, a shiga da 7. Mai hoto ya riga kowa tafiya a kan babur ɗinsa, don ya ɗauki ɗakin taron tun yana tsaf, kafin a zauna a kan kujeru a zubar da lemo a kan tebur.

Wasu kan ce a biya ta dutsen Kufena a yi hoto, ko bakin tsohuwar ganuwa, ko ƙofar fadar Sarkin Zazzau mai zane-zanen launi. Wurare ne masu kyau, ina son aiki a cikinsu, amma ba ranar ɗaurin aure ba. Zuwa Kufena ta Wusasa da dawowa kaɗai zai cinye awar nan da muke tattali, ga iskar hunturu da ƙura a kan leshi. A fada kuma sai an nemi izini. A bar su zuwa kwana biyu ko uku bayan biki. A ranar, bango mai tsafta ko tsohon zaure a unguwarku ya wadatar.

A ɗakin taro, abin da ke kawo duhu da launin banza shi ne fitilun ado masu shuɗi da shunayya. Ido na ganinsu da kyau, amma a hoto suna mayar da fuska toka-toka. Ki roƙi masu wurin su kunna farar fitila lokacin shigowar ango da amarya da lokacin yanka kek, ki kuma tambaye su wa ke kula da janareta, minti nawa yake ɗauka kafin ya tashi idan an ɗauke wuta. Mai gabatarwa ya sanar tun farko cewa masu ɗauka da waya su bar hanya a buɗe. Duk hoton da ake so da iyaye mata da abokai a yi shi cikin rabin awar farko, kafin zufa da rawa su taɓa kwalliya. Game da liƙi, ki sani sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira ko taka ta a wurin biki, kuma hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a 2024 kan bidiyon da ya yaɗu a intanet. A tanadi tire ko kwando a riƙa sawa a ciki. Ki kuma yi magana da mai hoto a rubuce cewa ba zai sa komai a Instagram ko TikTok ba sai da amincewar ango da amarya.

A rufe dina da 9:30, don akwai komawa gida, da nasihar iyaye, da kai amarya, ga sanyin Disamba. Lokacin nasiha na iyali ne. Ki tambayi mahaifinku tun da wuri ko ya yarda a ɗauka. Idan ya yarda, mai hoto ya tsaya daga bakin ƙofa da ƙaramar fitila, ya ɗauki kaɗan ya janye, kada ya haska fuskar yarinya tana kuka. Ɗakin amarya na Hanwa kuma kada a jira daren nan, lokacin ya cika da 'yan rakiya da takalma a bakin ƙofa. A ɗauke shi ranar Juma'a da hantsi, bayan an gama jere.

Idan kin kammala tsarin, ki tura shi ta WhatsApp mako ɗaya kafin biki ga mai hoto, mai kwalliya, babbar ƙawa, babban aboki da direban amarya, kowa ki rubuta masa lokacin isowarsa da rabin awa kafin ainihin lokacin da kike bukatarsa. Allah ya sa a yi lafiya a gama lafiya.