Amsa: Jahangir da Jansher, wa ya fi wani a wasan sikwash?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Jahangir Khan da Jansher Khan wa da ƙane ne, kuma wa ya fi wani a sikwash, wato wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo a jikin bango da raket a cikin rufaffen ɗaki. Ba uwa ɗaya uba ɗaya suke ba, ƙasa ce ta haɗa su, wato Fakistan.

Ni dai Jahangir nake ɗorawa a sama. A 1979 yayansa Torsam ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a Ostareliya, rai ya yi halinsa. Yaron ya so ya ajiye wasan gaba ɗaya, amma ɗan'uwansa Rahmat Khan ya ɗauke shi ya horar da shi. A 1981, yana ɗan shekara 17, ya doke Geoff Hunt na Ostareliya ya zama zakaran duniya. Daga nan sai da ya shafe shekara biyar ba wanda ya kai bayansa ƙasa, har Ross Norman na New Zealand ya yi galaba a kansa a 1986 a birnin Toulouse na Faransa. Gasar British Open kuwa, sau goma a jere ya ɗauka, daga 1982 zuwa 1991. Wallahi wannan juriya tana taɓa zuciyata.

Shi ma Jansher ba kanwar lasa ba ne. Salonsa na haƙuri ne, ya bi ƙwallo duk lungun da ta shiga har abokin karawa ya gaji. Kofin duniya takwas ya ci, Jahangir shida. Shi ne ma ya doke Jahangir a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1993 a Karachi, shekarar da Jahangir ya yi ritaya.