Amsa: Na ga tsuntsu, amma hotonsa a littafi bai yi kama da shi ba

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi littafin gane tsuntsaye amma farin tsuntsun da ka gani a fadama ya rikita ka. Matsalar yawanci daga buɗe littafi da wuri take. Kana laluben shafi, tsuntsu ya tashi.

Fara da kallo. Kwatanta girmansa da wanda ka sani, kurciya ko hankaka. Sai baki, siffarsa da launinsa, sai ƙafafu. Rubuta wannan tare da watan da ake ciki da wurin da ka gan shi, sannan ka buɗe littafi.

A fararen nan, launin jiki ba zai raba maka gardama ba. Balbela bakinta rawaya ne, gajere, wuyanta a dunƙule, tana bin shanu. Akwai wani farin zalɓe ƙarami mai siririn baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu, amma yatsunsa rawaya. Shi a bakin ruwa yake kamun kifi. In yatsun na cikin laka, jira ya ɗaga ƙafa. Lokacin hayayyafa kuma balbela kan yi gashi ruwan ƙasa-ƙasa a kai da ƙirji da baya, shi ya sa littafi mai kyau ke zana ta sau biyu.

Kada ka tsallake ƙaramar taswirar gefen hoto da bayanin lokaci. Shamuwa da damina take zuwa mana, in ka ga mai kama da ita a Janairu, sake dubawa. Tabarau mai hangen nesa 8x42, wato mai kusanto da abu sau takwas da faɗin gilashi milimita 42, ya wadatar, kuma ka sa rana a bayanka.