Dokar makamashi da muhalli: amsa ga ƙanena da ke son zama malamin jami'a

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin shari'a a Jami'ar Bayero, ka yi makarantar lauyoyi ta Bagauda, ka kammala bautar ƙasa, yanzu kana gida a wajen Auyo, kuma burinka ka koyar da dokar makamashi da muhalli a jami'a. Ka kuma ce Baba yana tunanin sayar da fadama a biya maka digiri na biyu a Birtaniya.

Don Allah kada a sayar. Kuɗin makarantar ɗalibin waje a jami'o'i da dama ya haura fam 20,000, na shekara ɗaya kacal. Ga kuɗin inshorar lafiya, fam 776 a shekara. Ga kuɗin ci da kwana da ofishin biza ke son gani, sama da fam 1,000 a kowane wata har na wata tara, kuma dole su kwana 28 a jere a cikin asusu. Rana ɗaya suka yi ƙasa da adadin, an ƙi ba ka biza, shi ya sa kuɗin aro da ake zubawa yau a kwashe jibi suke kayar da mutane. Lokacin karatu awa 20 kawai aka yarda ka yi aiki a mako, abin da ko haya da abinci da ƙyar yake riƙewa. Tun Janairun 2024 kuma mai digiri na biyu na aji, wato wanda ba na bincike ba, ba ya zuwa da iyali. Bayan duk wannan, takardar digirin ba za ta sa a ɗauke ka koyarwa a can ba, galibi sai da digirin digirgir.

Hanyar da ta dace da kai ita ce tallafin karatu. Asusun bunƙasa fasahar man fetur na gwamnatin tarayya, PTDF, yana tura ɗalibai waje a fannonin da suka shafi man fetur da makamashi. Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya, tana neman awa 2,800 na ƙwarewar aiki, wato kimanin shekara biyu, ana buɗe ta wajen watan Agusta, da sharaɗin ka dawo gida shekara biyu bayan ka gama. Akwai kuma na Commonwealth. Galibinsu sakamako mai daraja ta biyu ta sama suke so. In naka bai kai ba, yi digiri na biyu a Bayero ko Zariya, ka fito da sakamako mai kyau, sannan ka nemi tallafin digirin digirgir kai tsaye. Makarantun da suka yi suna a fannin akwai Dundee, wadda cibiyarta ta dokar makamashi da ma'adinai take aiki tun 1977, da Aberdeen, duka biyu a Birtaniya, da Calgary a Kanada.

Amma abin da ya fi damuna shi ne batun da ka ce za ka yi bincike a kai: malalar mai a Neja Delta. Lalle ka san shari'o'in nan kamar sunanka, ta Gbemre a 2005 kan ƙona iskar gas, da hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 da ya ba ƙungiyoyi damar kai ƙara kan gurɓata muhalli, da dalilin da ya sa sashe na 20 na tsarin mulkin 1999, mai maganar kare muhalli, ba a iya kai ƙara da shi shi kaɗai. Sai dai malaman jami'o'in waje sun karanta tsarin bincike a kan Neja Delta har sun gaji, kuma waɗanda suka tashi a bakin rijiyoyin sun fi ka kusa da maganar. Kai abin da kake da shi yana ƙofar gidanku.

Dubi kogin Haɗeja. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, zuwan ruwa da janyewarsa suka canza. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani ƙauye ya nutse, na gaba da shi yana kukan fari. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya ce, ƙasa kuma a hannun gwamna take bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, manomi da masunci da makiyayi kuwa al'ada suke bi da hukuncin dagaci. To wa ke da alhaki idan an saki ruwa ya cinye shinkafa? Dausayin Baturiya yana cikin yarjejeniyar Ramsar ta duniya kan kare dausayi, me hakan ya hana a aikace? Ka taɓa ganin ranar biyan diyya: jami'i da takarda yana ƙirga mangwaro da rijiya da shukar da ke tsaye, domin dokar 1978 abin da aka raya take biya, ba ƙasar kanta ba. Wannan takardar kaɗai babi ce guda a kundin bincikenka.

Ko ka ɗauki lantarki. Dokar 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Ƙananan tashoshin sola na ƙauye, waɗanda ba su wuce megawat ɗaya ba, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta yi musu ƙa'idoji a 2016, ta sabunta su a 2023. Wa ke sa hannu a madadin ƙauye kan farashi? Me zai faru da mai tashar ranar da wayar KEDCO ta iso? Ga kuma ruwan majemu na Challawa da Sharaɗa, a auna shi da dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 da ikon NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin ƙa'idojin muhalli. Kana jin Hausa, ka karanta shari'ar Musulunci a Bayero, za ka iya zama da sarkin ruwa ka kuma karanta abin da malaman Malikiyya suka ce kan rabon ruwa. Kaɗan ne masu neman gurbi da suka haɗa waɗannan.

Tsarin binciken da za ka aika kada ya wuce kalma 1,500 zuwa 2,000, sai in makarantar ta faɗi nata adadin. Tambaya ɗaya, wuri ɗaya, doka biyu ko uku, da yadda za ka samo bayanai. Inda ake faɗuwa shi ne a tattaro sauyin yanayi, da dokar man fetur ta 2021, da muradun ci gaba mai ɗorewa 17 duk a zuba wuri guda, babu tambayar da za a iya amsawa a shekara uku. Kafin ka cike fom, nemi malamin da aikinsa ya yi kusa da naka, karanta maƙalarsa biyu, ka rubuta masa gajeren saƙo da ke nuna ka karanta. Saƙo iri ɗaya da aka watsa wa mutum talatin ana gane shi daga layin farko.

Sai wallafa. Guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga maka cikin mako biyu. Kwamitin ɗaukar ma'aikata ya san su, kuma suna rage maka daraja maimakon su ƙara. Fara da sharhin hukunci ɗaya, shafi shida zuwa takwas, ka ba wani malaminka ya yi masa jan biro. Mujalla ta gaskiya takan ɗauki watanni, ta dawo maka da gyara mai zafi.

A wannan watan ka je Kano ka nemi cikakkiyar takardar sakamakonka, domin takan yi jinkiri, kuma ita ke sa mutane rasa wa'adi. Ka gaida malamai biyu da za su rubuta maka shaida, ka bar musu tsarin bincikenka a hannu. Ka duba ko makarantar tana karɓar Ingilishin WAEC kafin ka biya kuɗin jarrabawar Ingilishi ta IELTS. In ka rubuta shafi biyu kan kogin ko kan sola, turo min in duba. A gaida Baba da Inna.