Amsa ga ƙaninmu mai tambayar hannun jari da keke

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, sai dai raina ya ɓaci har na kasa rubuta komai sai yanzu. Ka ce hayar Aboabo a Kumasi ta fi ƙarfinka ka koma Ejisu da iyali, ka kwashi susunka, wato kuɗin adashinka, wani kuma ya ce ka kawo ya juya maka a kasuwar hannun jari, duk wata ya ba ka kashi 10 cikin 100. Kana kuma shawarar ko ka ɗan ciri wani abu ka sayi keke tunda hunturu ya wuce, kuɗin motar haya ta trotro yana cin ka. Wallahi hanyar da kake tsaye a kanta na bi ta, har Ejisun ma.

Kada ka ba shi. Ko pesewa ɗaya.

Nawa mutumin a sahun gaba yake salla, shi ya sa har gobe abin yake ci mini rai. Shi ne mai fara miƙa hannu in an idar, shi ne mai tambayar ya jikin Hajiya mahaifiyata. A shagona ya same ni ina kan keken ɗinki, ya ja benci ya zauna, ya sha kokona, ya buɗe waya yana nuna mini layuka kore da ja suna hawa suna sauka. Ya ce ofishinsu na Adum, akwai takarda, akwai hatimi. Watannin farko kuwa kuɗi na shigowa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ranar da ya faɗa, ko jinkirin awa babu. Da ya ga na saki jiki sai ya fara zancen kujerar Makka ta mahaifiyata, wai me ya sa kuɗin zai kwanta a banza alhali kafin lokacin biya zai iya ninkawa. Shi da bakinsa ya ce Hajiya uwarsa ce. Na haɗa da na susun maiɗakina na ba shi.

Ranar da na je Adum na tarar da kwaɗo a ƙofa ba ta fita daga kaina. An manna wata farar takarda da salatif, ruwa ya jiƙa rabinta, rubutun ya zube. Muna nan tsaye a matakala, mu da yawa, har da wata tsohuwa mai sayar da waake da ta zo da rasit ɗinta a ƙulle cikin leda a bakin zane. Sai miƙa wa mutane take yi su karanta mata, ko akwai inda aka rubuta ranar da za a buɗe. Babu wanda ya iya ce mata komai. Na kira lambarsa har batirina ya mutu. Da ƙafa na taka daga Adum na ratsa Kejetia har gida, ba don babu kuɗin mota ba, don kawai kada in isa da wuri. Hajiya na zaune a tabarma tana jan carbi, ta dube ni ta ce lafiya, na ce lafiya lau. Ta rasu ba ta je Makka ba. Shi kuwa yana nan garin nan, ya yi ƙiba, ya canja mota, in mun haɗu a jana'iza har ya ɗaga mini hannu ya ce shi ma cin sa aka yi. Wataƙila. Amma ni na sayar da babur, shi bai sayar da ko agogon hannunsa ba. Dattawa sun zauna, an ce a yi haƙuri, an yi fatiha an tashi. Na bar shi da Allah, amma ban ce na yafe ba, kuma kada wani ya zo ƙasan rubutun nan ya yi mini wa'azi.

Ku da kuke nan kun san shekarun da nake nufi. A watan Nuwamban 2019 kaɗai hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta soke lasisin kamfanonin juya kuɗi 53, masu lasisi ke nan, balle wanda ofishinsa jakarsa ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ita kanta kasuwar ba ƙarya ba ce, kada ka fahimce ni a karkace. Ghana Stock Exchange na nan a Accra, tun 1990 ake ciniki a cikinta. Abin da babu shi ne wani ya yi maka alkawarin kaza duk wata. Hannun jari yanki ne na kamfani ka saya, in sun ci riba su raba, galibi sau ɗaya ko biyu a shekara, gwamnati ta cire harajinta kashi 8 kafin ya iso ka, in ba su ci ba ka tashi a tutar babu. Duk wanda ya ce maka goma-goma kowane wata, kuɗin wanda ya shigo bayanka yake ba ka. In kana so da gaske, ka je wurin dillali mai lasisi, sunayensu na shafin SEC, ka tafi da Ghana Card ɗinka a buɗe maka asusun CSD, wato ma'ajiyar da ake rubuta hannun jarin kowa, da sunanka. Da sunanka, ba na aminin babanka ba. Ko dillalin ya rufe gobe, abin da ka saya yana rubuce a can.

Kuma ko ta halastacciyar hanyar ana shan kashi. Waɗanda suka riƙe hannun jarin UT Bank sun kwana da abinsu, aka wayi gari a Agustan 2017 Bank of Ghana ya janye lasisin. Masu ajiya an mayar da su bankin GCB, masu hannun jari kuwa sai dai labari. Hannun jarin MTN da aka sayar a 2018 kan pesewa 75, har ta MoMo mutane suka saya, a 2020 ya faɗo ƙasa da haka, na san waɗanda suka tsorata suka sayar da hasara. Wanda ya daure ya ga ya haura sidi 2 a 2024. To amma ka tuna abin da sidin kansa ya gani a tsakani, a Disambar 2022 hauhawar farashi ta wuce kashi 54, buhun shinkafa kana kallo yana gudu. Wani abin da ba a faɗa wa sabon shiga: kasuwarmu ƙarama ce, kamfanonin ba su kai hamsin ba, wasu sai a yi kwanaki ba a sayi ko ɗaya nasu ba. Ranar da yaro ya kwanta asibiti kana neman mai saye, ba lallai ka samu a farashin da kake gani a waya ba. Kuɗin haya da na makaranta kada su kusanci wurin.

Ka kuma tambayi malaminka kafin ka zaɓa. Akwai kamfanin giya a jerin, akwai bankuna masu kuɗin ruwa, ni dai na kauce musu, haka takardun bashin gwamnati na kwana 91 da kowa ke yabo. Zakka ma tana hawa in ya kai nisabi, mutane na mantawa.

Keke kuwa, saya. Wannan ko shawara ba ya bukata. Ni dole ce ta ɗora ni a kai bayan babur ya tafi, ina jin kunya, yara na cewa tela ya koma ɗan makaranta. Lokacin ba na barci, ƙarfe biyun dare ina zaune ina lissafin abin da ba zai dawo ba. Keken nan ne ya fara gajiyar da ni har na yi barci. Kuma yanzu ne lokacinsa, ƙurar hunturu ta kwanta, ruwan farko na Maris ya wanke hanya, damina ba ta kankama ba tukuna. In ka fita bayan asuba iska na da sanyi, ƙasa na ƙamshi, masu koko da ƙosai na hura wuta. Ƙarfe tara in ta yi kuwa zafin nan sai ya narkar da kai, ka riƙe riga ta biyu a leda.

Na hannu za ka nema, irin waɗanda ake shigowa da su ta Tema, amma mai giya, don Kumasi ba Tamale ba ce, nan duk hawa da gangara ne. Ka juya shi ka duba ƙarfen jikin ko an taɓa yi masa walda, ka murza taya ka ga ko tana rawa. Taya da birki ka sa sababbi ko mai sayarwa ya rantse. A sa maka abin tare taɓo a kan tayoyin, in ba haka ba ranar da aka yi ruwa za ka isa aiki da jan layi tun daga ƙugu har wuya. Abin da nake jin tsoro shi ne babban titin Accra. Daga Ejisu ta Fumesua, Oduom, har Tech Junction, manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar ruwa zuwa Burkina da Mali ba sa ganin mai keke, iskarsu kaɗai ta isa ta jefa ka kwata. Masu pragya, wato babur mai ƙafa uku, kuma sai su tsaya a gabanka ba sigina. Fitila gaba da baya, riga mai haske, kuma in hadari ya haɗo ka nemi rumfa ka fake, kada ka ce za ka riga shi. Wajen Aboabo in ruwa ya cika gada kada ka gwada ratsawa.

Zaman Ejisu ma za ka saba. Farko shirun ne zai dame ka, babu hayaniyar zango, ƙarfe tara gari ya mutu. Kowa zai san me ka saya a kasuwa kafin ka iso gida. Amma rogo da ayaba da kontomire, ganyen gwaza, suna da sauƙi, maƙwabta Asante in ka gaishe su da Twi ko guntu ne sun riƙe ka, kuma yara na samun filin wasa. Maiɗakina da ta yi kuka ranar da muka kwashe kaya, yanzu ko biki muka shiga Aboabo ita ke cewa mu tashi kafin magariba.

Sunan kamfanin mutumin naka ka turo mini ta bayan fage, kada ka sa a nan, in duba ko yana jerin masu lasisi. In ya fara cewa tayin na rufewa ranar Juma'a, ka ce masa ya rufe. In keken ya samu kuma, ranar Lahadi mukan fita mu kaɗan ta hanyar Kuntanase mu gangara Abono bakin tafkin Bosomtwi. Gangarar tana da tsanani, dawowa kuwa yawancinmu turawa muke yi. Ka zo da famfo da kayan faci, don bayan Kuntanase samun mai gyara sai an sha wuya.