Haɗa na'urar ƙara matsin turbo a Passat 1.8T: wane tiyo ke zuwa ina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Birnin Kebbi, ina da Passat mai injin 1.8T ƙirar 2002. Yayana ya aiko mini da na'urar lantarki mai sarrafa matsin iskar turbo, tare da solinoyid mai baki uku da tiyo. Bakanikena ya ce bai taɓa haɗa irinta ba. Wane tiyo ke zuwa ina, kuma har nawa zan iya ƙara matsin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka gode wa bakaniken nan da ya faɗi gaskiya, domin tiyo ɗaya da aka juya a wannan aiki ya isa ya narkar da fistin.

Kafin a taɓa komai, sai ku biyun ku gane abin da na'urar take sarrafawa. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya turbo, ita kuma ta cusa iska cikin inji. Don kada matsin ya wuce kima, akwai wata 'yar ƙofa a ɓangaren hayaƙin, wato wesget, wadda in ta buɗe sai wani kaso na hayaƙin ya wuce zuwa salansa bai bi ta kan turbo ba. Abin da ke buɗe ta wani ɗan gwangwani ne mai sifirin da faifan roba a ciki. Iskar turbo ke shiga ta tiyo ta tura faifan, in ta fi ƙarfin sifirin sai ƙofar ta buɗe. Duk aikin na'urarka shi ne ta hana wannan gwangwani ganin cikakken matsin, ƙofar ta daɗe a rufe, matsi ya hau. Shi ya sa ba za ta iya rage matsi ƙasa da ƙarfin sifirin ba, ƙarawa kawai take yi.

Yanzu ga solinoyid, wato bawul ɗin da wuta ke buɗewa da rufewa. A wasu za ka ga an rubuta COM (bakin tarayya) da NO (buɗe in babu wuta) da NC (rufe in babu wuta) a bakunan, a irin na kamfanin MAC kuwa lambobi ne, 1 da 2 da 3. Turbo ɗin motarka K03 ce, ƙofarta a cikin jikinta take, gwangwaninta baki ɗaya gare shi, don haka haɗin mai sauƙi ne. Tiyon da ya ɗauko iska daga bakin fitar turbo ya shiga NO, wanda a MAC shi ne 3. COM, wato 2, ya tafi kai tsaye zuwa gwangwanin. NC, wato 1, shi ne na fitar da iska.

Dalilin wannan jeri shi ne abin da na fi so ka riƙe a duk amsar nan. In babu wuta a solinoyid, hanya a buɗe take daga turbo zuwa gwangwani. Saboda haka ranar da fis ya ƙone, ko waya ta tsinke a gargada, mota za ta koma kan matsin sifirin, ta yi sanyi amma lafiyarta ƙalau. In aka juya, ranar da wuta ta ɗauke gwangwani ba zai ga iska ba, ƙofa ba za ta buɗe ba, turbo ta yi ta cusawa har sai wani abu ya fashe. Kar ka dogara da rubutun jiki kaɗai, domin jabu sun yi yawa. Ka hura COM da bakinka ba tare da wuta ba, iskar ta fito ta NO. Ka jona mata batir, ka ji ƙas, ka sake hurawa, ta fito ta NC.

Motarka ta zo da nata solinoyid daga kamfani, N75, kuma shi ma baki uku gare shi, don haka tiyoyinsa za su nuna muku hanya. Na ukunsa yana komawa cikin babban tiyon da ke kawo wa turbo iska daga fulta. Ka mayar da NC can. In ka zaɓi barin sa a buɗe, to ka sa masa ɗan matacin da ya zo da shi, ka kuma toshe ramin da ka bari a babban tiyon sosai, don ƙurar hunturu ba ta bukatar rami babba. Shi N75 ka cire tiyoyinsa amma ka bar soket ɗinsa a jone, in ba haka ba ƙwaƙwalwar mota za ta kunna maka fitilar gargaɗi.

Akwai tiyo na huɗu da ake yawan ruɗewa a kansa, na ma'aunin da na'urar ke karanta matsi da shi. Wannan daga manifol ɗin shigar iska ake ɗauko shi, bayan bakin totur. In mota na sulo, ya kamata ya nuna tsotso na wajen bar 0.6 zuwa 0.7 ƙasa da sifiri. In ya tsaya a sifiri, ba a wurin da ya dace aka jona ba. Kada kuma a raba shi da tiyon da ke zuwa wurin daidaita matsin fetur, domin in ya yoye, fetur zai ragu a daidai lokacin da inji ya fi bukatarsa.

Tiyo ya zama na silikon, gajere iya yadda zai yiwu, nesa da manifol ɗin hayaƙi, kowane baki da kilif. Wuta kuwa a ɗauko daga layin da ke zuwa sai an murɗa makulli, a sa fis, a ɗaure waya ta biyu a ƙarfen jikin mota da aka kankare fentinsa.

Gwajin farko a yi shi na'ura tana kashe, a miƙaƙƙiyar hanya da babu jama'a ko dabbobi, da mutum a gefenka yana kallon ma'auni, kai idonka na kan titi. Giya ta uku, daga juyi 2,500, ka taka totur. Matsin zai hau ya tsaya wuri ɗaya, wannan shi ne ƙarfin sifirin. In ya ci gaba da hawa, ɗaga ƙafarka nan take, akwai kuskure a haɗin. In ya tsaya, fara saita iyakar da na'ura za ta yanke da kanta, sannan ka riƙa ƙara saitin aikin solinoyid da kaso 5 cikin 100 a kowane zagaye.

Batun har nawa kuwa, amsata ba za ta yi maka daɗi ba. Na'urar nan iska take ƙarawa, ba ta ƙara fetur, ba ta kuma gyara lokacin tartsatsin fulogi. Ƙwaƙwalwar motarka tana da matsin da take jira, in ta ga an zarce sai ta rubuta lambar kuskure 17965 ta rage ƙarfin mota. Injin an tsara shi ne da fetur mai oktan 95 a Turai, mu kuma muna cikin garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, ga man 'yan bumburutu da ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Iska mai zafi da mai mara kyau su ke sa fetur ya kama kafin lokacinsa, ka ji ƙarar ƙyar-ƙyar in ka taka. Kana jin ta, ka rage.

Ni dai ba zan wuce bar 0.2 sama da matsin kamfani ba, wato wajen psi 3, sai an sake tsara ƙwaƙwalwar a hannun wanda ke da kwamfutar aikin da ma'aunin haɗin iska da fetur. K03 ƙarama ce, in aka matsa mata fiye da kima zafi take ƙara wa iskar. Saitin da ka yi da sanyin safiyar Janairu kuma, ka sake gwada shi da azahar in bazara ta shigo, sannan bayan mako guda da haɗawa a buɗe bonet a ja kowane tiyo da hannu a ga ko ya saki.