Ɗana bakwaini ne, wata 6 bai fara zama ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na haihu ciki yana da mako 32. Yanzu yaron ya cika wata 6 amma bai fara zama ba, ga shi ɗan maƙwabciyata da aka yi sunansu rana ɗaya har ya zauna. A katin awo ma nauyinsa yana ƙasan layi. Ko wata matsala ce? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, lissafin ne za a gyara tukuna. Cikakken ciki mako 40 ne, duk wanda aka haifa kafin mako 37 bakwaini ne. Naki ya zo da saura mako 8, wato wata 2. Cire su daga wata 6, sai ki ga ɗan wata 4 ne a hannunki. Hanya mafi sauƙi: duba ranar da aka rubuta miki za ki haihu a katin awon ciki, ki riƙa ƙirga daga ita.

Abin da ake nema wurin ɗan wata 4 shi ne wuyansa ya tsaya, ya bi fuskarki da ido, ya yi murmushi da gwaranci, in an kifa shi ya ɗago kai da ƙirji. Zama kuwa ana jiransa har wata 9 a gyararren lissafi.

Kuskuren da akan yi a wurin awo shi ne a ɗiga nauyinsa a kan wata 6. Sai yaro mai lafiya ya fito kamar mai tamowa, uwa ta tsorata ta fara ɗura masa koko alhali cikinsa bai kai ba. Ki gaya wa ma'aikaciya bakwaini ne, ta ɗiga a kan wata 4. Muhimmin abu layin ya riƙa hawa duk wata. Haka za a ci gaba har ya shekara 2.

Rigakafi kam ba a yi masa ragi. Allurar mako 6, 10 da 14, da ta ƙyanda a wata 9, duk daga ranar haihuwarsa ta ainihi ake ƙirga su.

Amma in jikinsa yana sandarewa ko ya saki lakwas, ko ba ya razana da ƙara, ko kansa yana girma da sauri maɗiga ta kumbura, ko hannu ɗaya kaɗai yake miƙawa, kada ki tsaya lissafi. Kai shi wurin likitan yara nan da nan.